Takardar da Ba a Kai Ba

Tekun da ke rataye a bangon ɗakin yara tsohon labule ne. Mama Tela ce ta rina shi shuɗi shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, ta tsinto ƙyallayen da ke zubewa ƙarƙashin kekenta, ta yanka ƙasashe da tsibirai, ta ɗinka su a kai ɗaya bayan ɗaya. Kubrus guntun hannun rigar wani ango ne. Antakiya jan maɓalli ne, Roma kuwa maɓallin kwat mai ƙyalli. Zare kala huɗu ya ratsa ruwa da tudu, kowane kala tafiya guda ta manzo Bulus.

Ran Lahadin nan yara ashirin da uku ne a kan benci, manya na can cikin majami'a suna sujada.

"Wa zai nuna mini garin da aka jejjefe shi da duwatsu har aka zaci ya mutu?" in ji Mama Tela.

Wani yaro mai giɓi ya taso, ya dangwala yatsa a kan Listira.

"Madalla. To da ya farfaɗo, ina ya nufa?"

"Asibiti," in ji wata murya daga baya.

Aji ya kwashe da dariya, ita ma ta dara. "Cikin garin ya koma. Washegari ya kama hanya, shi da Barnaba."

"Malama, me ya sa kike son mutumin nan haka?"

"Ɗan'uwana ne a sana'a. Ɗinkin tanti yake yi ya ci abinci. Ya san zafin allura a yatsa."

'Yar wata nas, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ɗaga hannu. "Mu da ba mu da jirgin ruwa fa? Ina za mu kai bishara?"

"Jirginki ƙafarki. In kin tsinci biron wata a makaranta kin mayar mata, kin yi tafiya. In an taru ana tsokanar wani kin ƙi shiga, kin ƙetare teku. Wanda ya tambaye ki dalili, ki faɗa masa gaskiya a hankali. Wanda bai tambaya ba, ki bar halinki ya yi magana."

A nan ta lura da ƙaramin fasto tsaye a bakin ƙofa yana murmushi. Shekararsa biyu da dawowa daga makarantar koyon aikin, yana riƙe da ikilisiyar na wucin gadi, yana jiran a tabbatar masa da naɗi. Kowa na ce masa Fasto, amma a zuciyarta har yanzu Sarkin Tambaya ne, yaron ajinta na farko, wanda ya riƙe mata bakin labulen nan lokacin da take ɗinka Atina. Uwarsa ta rasu yana ɗan shekara goma. Kayan makarantarsa tun daga nan har ya gama sakandare duk daga kekenta suka fito.

Da yara suka watse ya shigo ya taya ta gyara benci.

"Mama, Mai Duba daga hedikwatar ikilisiya zai zo nan da mako huɗu. Abin da ya gani shi zai rubuta, abin da ya rubuta kuma da shi za a yanke maganar naɗina."

"Allah ya sa a dace."

"Amin. Ina so ya tarar da ɗakin nan a cike. Kin koya musu tafiye-tafiyen manzanni, to su ma su yi tasu. Kowane yaro ya gayyato abokinsa guda."

Ta ajiye bencin. "Abokansu ai ba duka addininmu ɗaya ba. 'Ya'yan mutane ne. Ba a jan ɗan wani zuwa wurin ibada ubansa bai sani ba."

"Na yi wannan tunanin. Takarda zan buga daga ofis, in kai wa iyaye da kaina. Wanda ya sa hannu ɗansa ya zo, wanda ya ƙi shi ke nan, an gaisa."

"Da ƙafarka?"

"Da ƙafata, Mama."

Lahadin da ta biyo baya yaran suka rubuta sunayen abokansu. Tana duba jerin, idonta ya tsaya a kan sunan da 'yar nas ta rubuta. Auta ce, 'yar Kafinta.

Taku bakwai ne tsakanin shagonta da na Kafinta, shekara goma sha biyu ke nan. Addininsu daban, kuma bai taɓa zama abin magana a tsakaninsu ba. In lokacin ibadarsa ya yi, sai ya ƙwanƙwasa bangon da ya raba su sau biyu, ta san shagonsa ya dawo hannunta. Ran Lahadi shi ke karɓar mata yadin masu kawo ɗinki, ya rubuta suna da fensirin bayan kunnensa, ya jera a kan teburin da ƙurar katako ba ta kai. Sandan da taswirar ke rataye a jiki ma shi ya fere mata bayan tsohon ya karye. Ranar ya shimfiɗa labulen yana awo, ya bi jan zaren da yatsa har ƙarshe, ya ce, "Mutumin nan naku takalmi nawa ya kashe?"

Matarsa ta rasu Auta na da shekara uku. Yanzu ta kai tara. In an tashi daga makaranta a shagon Mama Tela take yini, tana tsintar fil da maganaɗisu, tana zura mata zare a allura tun da ido ya fara gardama. Inna take ce mata. Kitsonta da ɗinkinta duk a nan ake yi.

Ta nuna wa ƙaramin fasto sunan. "Wannan 'yar maƙwabcina ce. Bari ni in yi masa magana."

"A'a Mama, bar mini. Gara ya fito daga ofis kamar na kowa, kada ya ga kamar kin yi amfani da zaman tare kin matsa masa."

Maganar ta yi mata ma'ana. Ta kuma ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, domin ba ta san ta inda za ta fara irin wannan zance da Kafinta ba. Ta miƙa masa jerin.

Ran Alhamis saƙon murya ya shigo wayarta tana tsakiyar yanka. "Mama, barka da aiki. An gama maganar takardu. Na zaga gidajen duka, iyaye sun yarda, har da maƙwabcinki. Ki ci gaba da shiri."

Ajin ya tashi daga ashirin da uku zuwa arba'in da ɗaya. Aka aro benci daga majami'a. Auta ta shigo riƙe da hannun 'yar nas, ta zauna a gaba, ta kafa wa labulen ido kamar ba ta taɓa ganinsa a shago ba. Labarin fashewar jirgi a bakin Malita ya fi kama ta. Da Mama Tela ta ce mutanen tsibirin sun hura wa baƙin wuta saboda ruwa da sanyi, alhali ba su san su ba, Auta ta ce, "Babana ma haka zai yi."

"Na sani," in ji Mama Tela.

Kowace Litinin suna gaisawa da Kafinta kamar kullum, tana jiran ya taɓo maganar. Bai taɓo ba. Ta ɗauka kawaici ne irin nasa, ya yarda amma ba ya son a tattauna. Sau ɗaya ta tsaya a ƙofar shagonsa yana goge ƙafar kujera, ta buɗe baki za ta gode masa, sai wata mata ta kira ta daga titi da yadi a hannu. Ta juya, a ranta tana cewa gobe ma rana ce.

Mai Duba ya zo a Lahadi ta uku da fara gayyatar. Ya ƙirga kawuna sau biyu, ya yaba taswirar, ya dafa kafaɗar ƙaramin fasto ya ce irin wannan aikin ake nema. Yara suka yi wasan kwaikwayon jirgi da kwali. Aka ɗauki hotuna, aka sa a shafin ikilisiya na intanet da yamma.

Ran Laraba da hantsi Kafinta ya shigo shagonta ba tare da ya karkaɗe rigarsa ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ajiye waya a kan keken. A jikin hoton Auta ce a sahun gaba, riƙe da jirgin kwali, tana dariya.

"Mama Tela, wannan 'yata ce?"

"Ita ce."

"Ƙanina ne ya turo mini. Shi ma wani ne ya tura masa, da tambayar ko na sauya hanya."

Ta ɗago daga kan wayar. "Ba a kawo maka takarda ba?"

"Wace takarda?"

Ta dube shi, ya dube ta. Fankar sama na ta juyawa, tana kaɗa ƙyallayen da ke kan tebur.

"Tana ce mini gidan nas za ta, in ce a dawo lafiya. Lahadi uku. Kowace Litinin kuma kina ce mini ina kwana." Bai ɗaga murya ba. "Da wani ne ya gaya mini da baki, da na ce ƙarya yake yi."

"An ce mini ka yarda."

"Wa ya ce?"

Sunan ya zo har bakinta ya tsaya. Ta ce, "Ba ni zuwa yamma."

Ya ɗauki wayarsa ya fita. Ranar da lokacin ibadarsa ya yi, ta ji ƙarar kwado, ba ta ji an ƙwanƙwasa bango ba.

Ta kira ƙaramin fasto sau shida, wayar na ƙara ba a ɗauka. Ta rufe shago ta tafi gidansa. Matarsa ta leƙo da tsohon cikinta, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce ya fita tun safe. Babur ɗinsa na jingine a tsakar gida, takalminsa na bakin ƙofa. Matar ta ga inda idon Mama Tela ya sauka, ta sunkuyar da kai.

"Ki ce masa na zo."

"To, Mama."

Kafin rana ta faɗi magana ta karaɗe unguwa. Ba Kafinta kaɗai ba ne, gida biyar ne suka fito suka ce babu wanda ya ga takarda. Matasa sun fara tsayawa a bakin layin majami'a suna kallon ginin. Wata da ta saba kawo ɗinki ta aiko a karɓar mata yadinta ko ba a taɓa shi ba. Dattawan ikilisiya suka sa zama ran Asabar da la'asar, suka gayyaci iyayen.

Ta isa da wuri, wayar na cikin jaka. Shugaban dattawa, tsohon hedimasta ne, ya tare ta a baranda ya ja ta gefe. Sa'anta ne, tare aka yi musu baftisma.

"'Yar'uwa, na san akwai abin da ba a faɗa ba."

"Akwai. Yana cikin wayata, da muryarsa."

"Na sani. Ya zo mini jiya yana kuka. Ya ce takardun na cikin aljihun teburinsa, ya ji tsoron in ya kai a ƙi, lokaci kuma ya ƙure." Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Ki saurare ni. In tsohuwar malama ce ta yi kuskure don son yara, unguwa za ta yi fushi na mako biyu ta huce. In shugaban ikilisiya ne ya shirya, ya kuma yi ƙarya a kai, ba shi kaɗai za a kama da laifi ba. Ginin nan za a kama, da duk wanda ke shigarsa. Kin ga yaran da ke bakin layi."

"Wato kun riga kun gama zama, wannan na ganin ido ne."

"Ba haka nake nufi ba."

"Su wa suka sani?"

Ya mayar da tabarau. "Mu huɗu."

Dattawan biyar ne. Ba ta tambayi wanda aka bari a duhu tare da ita ba.

A ɗakin taro iyaye uku ne suka zo, Kafinta a ƙarshen benci, hannayensa a kan gwiwa. Hedimasta ya yi musu maraba, ya ba da haƙuri, sannan ya ce Fasto ya yi bayani.

Ƙaramin fasto ya miƙe. Muryarsa ta fito santsi, irin ta wa'azi.

"Iyayenmu, abin da ya faru ya ɓata mana rai kamar yadda ya ɓata muku. Shirin da na amince da shi na yaran ikilisiya ne da suka daina zuwa aji, a je a tuna musu. Ban ba da umarni a kawo ɗan kowa ba. Mama uwa ce a wurina, ita ta koyar da ni, ba wanda ya kai ta son yara. Amma a wannan karon ƙwazo ya sa ta wuce gona da iri, ni kuma ban lura da wuri ba. Wannan sakacin na ɗauka."

Yana magana yana sosa bayan kunnensa da babban yatsa. Ta san sosar nan. Haka ya yi yana ɗan shekara takwas, ranar da ya fasa gilashin tagar ɗakin yara ya ce iska ce.

Bai dube ta ba ko sau ɗaya.

"Malama, ko kina da abin cewa?" in ji Hedimasta.

Ta zura hannu a jaka. Wayar ta yi ɗumi a tafinta. Daƙiƙa goma sha huɗu ne saƙon, ta saurare shi ya fi sau ashirin tun Laraba. Ta tagar ɗakin ana hango bakin layi, matasan sun ƙaru, wasu na zaune a kan babura. A ɗaya gefen, cikin harabar, 'yar nas da wasu yara biyu na share ganye, suna satar kallon tagar.

Ta zaro hannunta babu komai.

"Na ga sunan yarinyar tun kafin ta zo," ta ce. "Na san ubanta, shagonsa na jikin nawa. Ban tambaye shi ba. Sauran yaran ma na gan su sun shigo, ban taka gidan kowa na ji daga bakinsa ba. Wannan laifina ne, ina roƙon ku gafara."

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Ɗaya daga cikin iyayen, direba ne, ya yi faɗa mai tsawo, ya ce in su ne suka ja 'ya'yan wasu zuwa nasu wurin ibada da yanzu gari ya ɗauka. Ba wanda ya musa masa. Hedimasta ya sanar cewa Malama za ta sauka daga koyarwa daga yau, kuma ba za a sake karɓar yaro a aji ba sai ubansa ko uwarsa sun kawo shi da hannu. Aka goge hotunan a gabansu. Iyayen suka ce sun ji, za su faɗa wa mutane an kashe magana. Ƙaramin fasto ya raka su har ƙofa yana gaisawa da kowa hannu biyu.

Ta kwance mabuɗin ɗakin yara daga zaren da ke wuyanta, ta ajiye a kan tebur. Shekara ashirin da ɗaya ya sa ƙarfen ya yi sulɓi. Dattawan suka shiga duba takardun gabansu.

Ran Litinin ta buɗe shago, ta share, ta zauna, ta kasa taka keke. Can ta tashi ta yi taku bakwai ɗin. Kafinta na fere katako, tarkacen na zubowa a kan ƙafarsa.

"Ina kwana, maƙwabci."

"Lafiya lau."

"Akwai abin da nake so ka ji. Ba don a sake tayar da magana ba, don kai kaɗai." Ta fito da wayar.

Ya ajiye abin aikinsa, ya share hannu a cinya. "Mayar da ita, Mama Tela. Na san yaron nan ƙarya ya yi."

Ta tsaya da wayar a hannu.

"Shekara talatin ina taɓa katako. Wanda gara ta cinye ta ciki, ko an shafe shi da fenti, ina ƙwanƙwasawa zan ji. Tun da ya miƙe na ji." Ya ɗauki wani guntu ya juya shi ya ajiye. "Na kuma ga abin da kika yi, na san dalili. Ba ƙaramin abu ba ne. Amma ni ba shi na bai wa amanar 'yata ba. Ban san shi ba, bai san ni ba. Ranar da aka binne uwarta, a cinyarki ta yi barci."

"Haka ne."

"Da kin tambaye ni, wataƙila in ce a'a. Wataƙila in ce ta je ta ji labarin jirgin ta dawo, ba ya rage ta da komai. Ni ma ban sani ba. Ba ki bar ni na sani ba."

"Na ji nauyinka ne."

"Nauyi." Ya jinjina kai. "Yanzu dangin uwarta sun ce ban iya riƙo ba. Ƙanwata za ta riƙa ɗaukar ta daga makaranta, a can za ta yini. Na ce to, don ba ni da bakin cewa a'a."

"Kitsonta fa? Ya kwana biyu."

"Za a yi mata a can."

Ya koma kan aikinsa. Ta ɗan ƙara tsayawa, sannan ta juya.

Kwana huɗu bayan haka ta hango Auta a bayan gwaggonta a ɗaya gefen titi, an yi mata wani kitso da ya ja goshinta sosai. Yarinyar ta ɗago hannu kaɗan daidai ƙugu, yadda gwaggon ba za ta gani ba. Mama Tela ta ɗaga nata. Ranar ta ɓata rabin sa'a tana neman ramin allura.

Ba ta daina zuwa sujada ba. Ta koma bencin baya, kusa da bangon da ya raba majami'a da ɗakin yara. Matan da suka saba zama kusa da ita suna gaishe ta da murya ƙasa ƙasa, irin gaisuwar mai jinya. Wasu sun ce tsufa ne, wasu sun ce dama ta cika kafiya. Ta bangon tana jin sabuwar malamar, wata yarinya mai kirki da ta gama jami'a, tana karanto darasi daga takarda, yaran na maimaitawa. Rannan ta ji muryar 'yar nas ta katse karatun.

"Anti, da Markus ya gudu ya bar su a hanya, ya ba su haƙuri daga baya?"

"Babu wannan a darasin yau. Zauna."

Mama Tela ta tsinci kanta tana ba da amsa a ranta, cewa ba a faɗa mana ya ba da haƙuri ko bai bayar ba, an dai faɗa cewa Barnaba ya sake ɗaukarsa, kuma saboda shi Bulus da Barnaba suka rabu, kowa ya kama hanyarsa. A kan bagade ƙaramin fasto na wa'azi a kan aminci cikin ƙananan abubuwa. Ya iya magana. Ita ta koya masa ya riƙa numfasawa kafin ya faɗi babbar kalma, kuma yana yi daidai.

Takardar naɗinsa ta iso bayan wata ɗaya. Aka karanta a sujada, aka yi tafi. Mai Duba ya rubuta cewa ya nuna ƙwazo wajen haɓaka aikin yara, da hikima wajen kashe wutar rikici.

Ran Talata da azahar inuwa ta rufe ƙofar shagonta. Shi ne, da leda a hannu. Ya rage tsawo ya gaishe ta kamar da.

"Mama, barka da aiki."

"Barka kadai, Fasto."

Bai saba jin wannan sunan daga bakinta ba in su biyu ne. Ya zaro baƙar riga doguwa daga ledar.

"Rigar naɗin ce aka aiko. Ta yi mini tsawo, hannun ma ya rufe yatsuna. Matata ta ce in kai wani wuri, na ce ba wanda ya san jikina kamar ke."

Ta karɓa, ta duba ɗinkin ciki, ta miƙa masa. "Sa."

Ya sa. Rigar ta share ƙasa, ta kwashi zare da ƙyalle. Ta ɗauko gwangwanin fil, ta jawo 'yar kujera, ta zauna a gabansa ta kama bakin rigar.

"Mama, na so in zo tun tuni. Ban san da wace fuska ba." Ta buɗe gwangwanin fil. "Kin san halin da nake ciki. Ga mai ciki a gida, ga shekara biyu ina jira. Na yi niyyar kai takardun, Allah ya sani. Gidan farko da na nufa na tsaya a ƙofa, na ce in suka ƙi fa? Sai na ce gobe. Daga nan abu ya fi ƙarfina."

"Miƙe tsaye sosai, kafaɗarka ta karkace."

Ya miƙe. "Abin da kika yi mini ba zan manta ba. Na sa ki a jawabina. Zan ce duk abin da na sani game da bishara a gabanki na koya, zan sa ki tashi jama'a su gan ki."

"Cire ni."

"Mama."

"Ka ce musu wata tela ce ta rage maka riga. Wannan ya isa, kuma gaskiya ne."

A shagon da ke jikin nata zarto ya fara aiki, ya tsaya, ya ci gaba. Ta naɗe bakin rigar yatsa uku, ta soka fil, ta matsa gefe ta soka wani. Ta ɗebi fil biyar ta riƙe a leɓɓanta.

"In ƙura ta lafa zan yi wa dattawa magana a mayar da ke ajin," ya ce. "Ba yanzu ba dai. Nan da shekara, wataƙila." Ya dubi saman kanta, furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwali. "Za ki zo naɗin, ko?"

Bakinta cike da fil. Ta ɗago ta dube shi, sannan ta kaɗa yatsa a iska, alamar ta gama da gaba.

Ya juya mata baya, ta ci gaba da aiki.